Ranar da aka kira Babana mutumin "bush"

Tun daga bakin get Baba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye ƙwaryar ƙwan zabi. Shekarar da soja suka miƙa mulki ce. Daga ƙauyenmu ya taho taya ɗan majalisar da suka zaɓa murna a gidansa da ke Tarauni, na raka shi.

Ɗan majalisar ya dubi wani abokinsa, ya ce da Turanci mutanen "bush" sun fara zuwa. Wato mutanen daji.

Muna komawa gida, a hanyar Gyaɗi-Gyaɗi Baba ya tambaye ni, "Sani, me Alhaji ya ce?"

Na ce, "Cewa ya yi manoma sun zo."

Ya yi murmushi. "Allah sarki, bai manta mu ba."

Har Baba ya rasu yana sa masa albarka. Ƙaryar nan har yau tana ci na. Da ku ne, za ku faɗa masa gaskiya?