Ƙafar Jaki a Motar Babanmu

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Iya Tumba, kakarmu ta wajen uba, ta yi girki a kan duwatsun murhu ba. Wilin mota ne murhunta, ƙarfen nan da ake sa wa taya, an kwantar da shi a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye bayan Dauran. Safayar motar Babanmu ce. Ya ba ta ajiya kafin ya samo taya, ita kuwa ta ga bakinsa ya yi daidai da gindin tukunyarta, magana ta ƙare daga nan.

Motar kanta abin dariya ce a ƙasar Zurmi. Ja ce mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, an ƙera ta don gudu a kan kwalta mai santsi, ba don hanyarmu ba. Baba ya saye ta hannun wani injiniyan jirgin ƙasa da zai bar Kaura, mutane suka sa mata suna Ƙadangaruwa. Kowace safiya sai ya zagaya ya danna kusurwoyinta da tafin hannu. In ta yi ta lilo bayan ya saki, ya san shokozoba, ƙarfen da ke rage wa mota girgiza, ta gaji. Yakan yanka tsohuwar taya ya cusa tsakanin zoben sifirin don ta ɗan ɗaga daga ƙasa. Yayana Murtala ya kwashe wannan duka a wurinsa. Ni kam haushin motar nake ji, don ta fi mu samun lallashi.

Da an ci tuwo an yi isha'i, sai mu kewaye wilin nan don jin tatsuniya. Iya ba ta da wata doguwar buɗewa. Takan ƙwanƙwasa ƙarfen da muciya, ta ce wanda ya ji ƙara ya rufe bakinsa. Hayaƙin ƙirare yana korar sauro, ƙarfen yana riƙe da ɗumi har bayan garwashi ya mutu, mu kuma muna ɗora tafin ƙafa a gefensa muna janyewa. Tatsuniyoyinta da yawa na manta. Guda ɗaya ce ta manne mini, kuma ita ce wadda na fi tsana.

Wai wata shekara ruwa ya ƙafe a daji, dabbobi suka ɗunguma zuwa gulbi. Barewa kuwa tarko ya cinye mata ƙafar baya. Ta tare raƙumin dawa tana neman aron ƙafa, tasa ta yi mata tsawo. Ta tare bushiya, tata ko gwiwa ba ta kai ba. 'Yan uwanta bareyi kowa ya ce tasa huɗun ma ba su ishe shi ba. Sai wani tsohon jaki da ya riga ya kwanta mutuwa ya ce ta ciri tasa. Ta ɗaura da igiyar rama ta kama hanya. Ƙafar jaki kuwa ba ta san gulbi ba, gidan da ake ba ta dusa ta sani, sai ta dinga jan barewa hagu. Igiya kuma ba ta daina kwancewa. Barewa ta yi tafiya kaɗan, ta tsaya ta ɗaure, ta ji kukan kura a baya, ta tashi. Haka Iya za ta yi ta maimaitawa, ta tsaya ta ɗaure, ta tsaya ta ɗaure, har in ji kamar in fasa ihu.

"Iya, don Allah ki kai ta gulbin mu huta."

"Ke Luba, mi kika ma gaugawa? Ke ka ɗauke da ita?"

A ƙarshe barewa ta isa bayan kowa ya sha ya dama ruwan. Ta sa baki ta sha taɓon. Iya ta tsaya nan, ta fara tone garwashi. Na tambaye ta ko ƙafar barewar ta sake tsirowa, ko an hukunta mai tarkon, ko bareyin nan marowata sun ji kunya. Ta ce ita dai abin da aka gaya mata ke nan, barewa ta sha ruwa. Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, wahala ce kawai. Ta yi dariya har da tari. Shekaru da yawa na ɗauka darasin shi ne mutum ya guji aron abin da ba nasa ba.

Baba ya rasu ina aji na ƙarshe a sakandare. Da 'yan bindiga suka fara sa wa ƙauyuka haraji, ni da Murtala muka koma Kaura, ya ja Ƙadangaruwa ya jingine ta bayan garejin da yake aiki. Iya ta ƙi biyo mu. Ta ce rumbunta cike yake da gero, kuma ba wanda zai sace tsohuwa sai in yana neman ɗawainiya. Maƙwabcinmu Malam Na'Allah ya ɗauki alkawarin dubanta.

Cikin daminar bara ya kira ni. Iya ta faɗi, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. Kuma an aiko musu saƙo daga daji cewa kowa ya tashi kafin Juma'a. Su za su bi ta gonaki da ƙafa, da yara da awaki, ba mai iya goya ta, ba ta kuma iya zama a kan babur. Ya ce in mun zo, to. Bai ƙarasa sauran ba.

Na zagaya tasha kamar mahaukaciya. Duk direban da na ambata wa sunan ƙauyen sai ya kau da kai. Wani ya ce in yi haƙuri in yi mata addu'a, na gaya masa magana marar daɗi, ban kuma yi nadama ba. Ba abin da ya rage sai Ƙadangaruwa. Injinta ya tashi bayan an yi ta turi, amma wilin baya na hagu ya tsage tun daga ramin noti har baki, mai walda ya duba ya ce ko ya like ba zai kai Zurmi ba.

Lambar da aka buga a cikin wilin tsatsa ta cinye. Murtala ya yi yadda Baba ke yi: ya karya tsinken tsintsiya daidai tazarar rami da rami, ya karya wani daidai faɗin ramin tsakiya, ya miƙa mini ya ce in bi 'yan gwangwan, duk mai rami huɗu in gwada. Na gwada har hannuna ya yi baƙi. A ido duk iri ɗaya suke, sai ka ɗora tsinke ka ga ya wuce da kaurin farce. Ya kira wani abokinsa a Shinkafi, shi ma ya birkice shagonsa bai samu ba. Wili ɗaya ne a duniyar da muka sani wanda ya dace da motar nan, yana can ƙarƙashin tukunyar Iya, a ƙarshen hanyar da muke neman bi.

Murtala ya zauna ya dafe kai, ya ce Baba ba zai taɓa yarda a matsa mata wilin da ba nata ba. Na ce Baba yana kabari, uwarsa ce ke kwance a ɗaki ita kaɗai. Muka ɗauki na wata ƙaramar mota wanda ya fi kusa, aka goge ramukansa da zarto har noti suka shiga da ƙyar. Ya cusa sababbin yankan taya a sifirin, ya cire kujerar gaba muka shimfiɗa katifa. Ya gargaɗe ni cewa notin ba su zauna daidai ba, za su dinga kwancewa, kuma shi ba zai kashe mota ko ya bar sitiyari ba, don in ta mutu ba mai tura mu. Ni zan dinga sauka da sifana.

Mun tashi da hantsi. Daga inda kwalta ta ƙare, motar ta fara ja hagu, Murtala yana danne sitiyari dama har jijiyar wuyansa ta fito. Da mun ji ƙwas-ƙwas daga baya sai ya taka birki, in fita in ɗaure in dawo. Hanyar nan ba wanda ke tsayawa a kanta ko fitsari ya matse shi. Gero ya yi tsawo a gefe biyu, ba ka ganin abin da ke ciki.

Mun iske Iya a kan tabarma, bakinta ya karkace, an ajiye mata kunu a inda hannunta mai lafiya zai kai. Rabin ƙauyen ya riga ya watse. Murtala ya bar motar a kunne, bai ko gaishe ta sosai ba, ya nufi murhu ya ture tokar ya ciro wilin. Tsinke ya zauna cif. Sai ya gara shi a ƙasa, muka ga yana tangaɗi kamar maye. Wutar shekaru ta lanƙwasa shi. Ko da ma lafiyarsa lau, mai facin da zai sa masa taya ya gudu tun tuni. Ya sake shi ya faɗi, muka ɗauko Iya.

Dawowar ta fi muni. Nauyi ya ƙaru, shokozoba ta baya ta saki gaba ɗaya, kowane rami sai tayar ta gogi jikin motar, ƙaurin roba ya cika mana hanci. Iya tana nishi duk lokacin da muka faɗa rami. Wajen wani kwazazzabo noti ɗaya ya karye ya bar uku. Na sauka. Can nesa ina jin ƙarar babura, ban san ko na waye ba, ban san ko mu suka nufo ba. Sifana ta ƙi kama noti. Na fara zagin motar, da injiniyan da ya sayar da ita, da wanda ya ƙera ta, ina kuka ina harbin tayar da ƙafa.

Sai na ji muryar Iya ta taga, a hankali, kalmomin suna fita ta gefen baki.

"Luba. Bar zagin ta. Ɗaure."

Na ɗaure. Baburan ba su ɓullo ba, har yau ban san dalili ba. Mun shiga Kaura ana kiran la'asar, tayar ta kusa cinyewa, Murtala ya kasa buɗe yatsunsa daga sitiyari sai da na taya shi.

Yanzu Iya tana ɗakin da muke haya, a kan katifar nan dai. Ba ta ba da tatsuniya, harshen ba ya juyawa. Ni kuma na daina ganin barewar nan a matsayin wawuya. Ina jin matan da suka fara ba da labarin sun taɓa gudun wani abu, yunwa ko yaƙi, sun san ba a isa da abin da aka fito da shi, kuma ba wanda ke zuwa daga baya ya biya ka. Tsayawar nan da ɗaurewar da nake roƙon a tsallake, ashe su ne labarin. Ban ce na ji daɗin gane haka ba. Har yanzu ina son a hukunta mai tarko.

Mun samu labari an sa wa ƙauyen wuta bayan tashin mutane, har da rumbuna. Kowa ya san ni, magana ba ta kwana a bakina, ko za ta ɓata wa mutum rai. Jiya ina ba ta kunu ta riƙe hannuna, ta tambaya ko ruwa bai shiga geronta ba.

Na ce mata bai shiga ba.