Ranar da Na Sayar da Jeren Inna

A lokacin sabon shiga harkar dabbobi ne ni a birni, kuɗi sun fara zama a aljihu, kai kuma ya kumbura. Duk zuwan da zan yi ƙauyenmu, can gefen Zakirai, ɗakin Inna, mahaifiyata, kunya yake ba ni: tsohon gadon ƙarfe mai rumfa, da jeren kwanukan da fentinsu ya ɓare tun ba a haife ni ba. Abokaina suka ce za su zo gaishe ta da Sallah, ni kuwa na rantse ba za su ga wannan tarkacen ba.

Ana haka Inna ta tafi zaman jego wajen ƙanwata. Na nuna wa kafinta zanen wani gado a waya, ya yi mini irinsa sak, har da kabad mai gilashi. Tsohon gado da kwanuka kuwa na kira 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka kwashe. Gwaggona ta tare ni a zaure, ta ce kayan ɗakin mace nata ne, ko miji ba ya taɓawa balle ɗa. Na ce mata an daina yayin wannan. Kaico, da bakina na faɗa!

Da Inna ta dawo ta daɗe tsaye a bakin ƙofa. Ta sa mini albarka, sannan ta tambaya a hankali ina aka ajiye mata kwanukan. Gwaggo ce ta fahimtar da ni cewa kowane kwano akwai wadda ta kawo shi ranar aurenta, kuma duk jajibirin Sallah Inna takan sauke su ta wanke, tana kiran sunan kowacce tana yi mata addu'a, domin kusan duk sun rasu. Na garzaya wajen 'yan gwangwan, ashe tuni an murƙushe an yi lodi.

Ba ta taɓa hawa sabon gadon ba, tabarma take shimfiɗawa a gefensa. Jajibirin Sallar na same ta zaune gaban kabad ɗin da babu komai ciki, tana lissafa sunaye da yatsu. Ta kai wani wuri ta tsaya, ta tambaye ni ko na tuna wadda ke bin mai koren kwano. Wallahi ban sani ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta tuno ba.

Har yau kunyar nan ba ta sake ni ba. Don Allah, wanda ya samu hali zai gyara ɗakin tsohuwarsa, kafin ya ɗaga ko cokali ya fara tambayarta wa ya ba ta.