Sakainar Kaka Gwamma

Wata ranar Laraba ce da rani, lokacin tsinkar tumatir, a tsakiyar shekarun tamanin. Ina aji biyu a firamaren ƙauyenmu, bakin babbar hanyar ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Na shigo gida a guje, ko kwandon da Baba ya ce in kai masa gona ban kalla ba, na miƙa wa kakata 'yar sakaina mai rubutun gawayi, na ce sunanta ne a jiki. Kaka Gwamma tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta dubi sakainar, ta dube ni, ta ƙi ko taɓa ta. "Wa ya sa sunana a sakaina?" ta ce, a hankali.

Dama tun zuwan Malama Asabe, baƙuwar da aka turo mana, Kaka ba ta yarda da ita ba. Makarantar ba littafi, allin ma sai an yi sa'a, don haka Malama ta sa muka tsinto fasassun ƙorai, ta rubuta harafi ɗaya a kowanne. Ta ce akwai baƙaƙen da ba sa tafiya sai da goyo. Mai riƙe da k ta goya mai riƙe da w, a zagaya gindin darbejiya ana "kwa, kwi, kwe", sannan a koma kan ts da sh da gy. Wadda ta faɗa daidai ta sauke goyonta, wadda ta kuskure ta ƙara zagaye. Ni da nake lukuta, kullum ni ake ɗora wa kaya. Abin ya shiga kaina, ina korar tsuntsu a gonar alkama ina "tsa, tsi, tsu", ina wanki a bakin ruwa ina "gwa, gwi". Ashe duk Kaka tana lura. A wurinta, yarinya mai magana ita kaɗai a bakin ruwa ba lafiya ba ce, sakaina mai suna kuwa ita ake binnewa a ƙofar gida idan za a yi wa mutum sammu.

Kafin la'asar ta yanke hukunci: daga gobe na bar boko. Baba ba ya musu da uwarsa, sai ya sunkuyar da kai. Na yi kuka har muryata ta dushe, kuma wallahi ranar na ji haushin tsohuwar nan.

Da safe ta yafa mayafi, ta naɗe sakainar a tsumma, ta tasa ni gaba, wai sai ta ga idon matar. Malama ta durƙusa ta gaishe ta, ta saurari zargin har ƙarshe, ba ta yi gardama ba. Ta miƙo mini gawayi da sabuwar sakaina, ta ce, "Rubuta wa Iya sunanta, tana gani." Na yi g, na goya mata w, ina furtawa har na kai ƙarshe. Kaka ta kwance tsumman, ta jera su biyun a ƙasa, ta daɗe tana dubawa. Yadda ta farko ta karkace, haka ta biyu. "Ashe ke ce, ja'ira," ta ce. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ta dai ce in shiga aji. Duk da haka sai da ta biya wajen liman ya tofa musu addu'a, ko da wani abu.

Yanzu jikokina a waya suke koyon haruffan nan, da waƙa da hotuna, ba mai goya wani, ba kuma mai zargin kowa. Bayan rasuwar Kaka muka buɗe kwallarta, muka tarar da sakainun biyu a ƙarƙashin zannuwan ajiya, gawayin ya kusa gogewa. Ba ta taɓa iya karanta su ba, amma ta san hannuna.