Hayaƙin ɗakin Iya

A ƙauyenmu, da an idar da sallar magariba sai mu yara mu tattaru a ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uwa. Ɗakin laka ne, ba taga, sai ƙofa guda da asabari. Takan hura wuta a tsakiya da kara da busasshen kashin shanu, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya don hayaƙi ya tashi sosai, sannan ta saki asabarin. A sama ga zangarniyar gero rataye, irin shukar baɗi, ta yi baƙi ƙirin. Idanunmu na zubar da hawaye, mu kuwa murna muke yi.

"Ku bar murza ido, ja'irai," in ji ta. "Wanke muku shi ake yi. Ku matso, ga ta a bakin ƙofa."

"Ta shigo, Iya!"

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta baƙo Hayaƙi. Wai ya iso wani gari da yamma yana neman masauki, kowa ya kore shi. Attajiri ya ce zai ɓata masa bango, amarya ta ce kayanta za su yi ƙauri. Sai wata tsohuwa ta ce masa bismilla. Ya ce da ita, "Ba na cin tuwo, ba na shan ruwa. Ki dai rufe ƙofa kada iska ta ɗauke ni." Ya kori sauro, ya tsare mata irinta. Da damina ta faɗi, ƙwari sun cinye na kowa, nata kaɗai ya rage, duk garin ya zo roƙo.

Daidai nan tari yakan sarƙe Iya. Mu jira, mu miƙa mata moɗa, ta kurɓa ta ce, "To kun ji, ba a korar baƙo." Mun ɗauka tarin ma cikin tatsuniyar yake. Da rana har kwaikwayonsa muke yi.

Da abin ya kai ba ta iya zuwa rijiya sai ta huta sau uku, Kawu ya kai ta asibitin birni. Likita ya tambaya shekara nawa ta yi tana shan taba. Kawu ya ce an zagi uwarsa, ya dawo da ita ko magani bai karɓa ba. Aka kwantar da ita a ɗakin nan, aka ce a ƙara wuta kada sanyi ya kama ƙirjinta. Ni nake hura wutar, har ranar da ta cika.

Yau ina Agege a Legas, ɗaki ɗaya da miji da 'yata Hauwa mai shekara shida, wadda ke fama da fuka. Nas ta ce da ni, "Maman Hauwa, kada hayaƙi ya raɓe ta, ko na maganin sauro." Janaretan maƙwabcinmu kuwa a gindin tagarmu yake. Na je na durƙusa na ce, "Oga, don Allah a juya bakin injin nan."

"Hajiya, Legas kike fa. A kaina zan ɗora shi?"

Shekaru na ɗauka tatsuniyar Iya kan girmama baƙo take. Yanzu in na tuna, ƙofar nan da aka rufe kawai nake gani.

Jiya da yamma Hauwa ta ce in yi mata ta kakata. Na kai wajen da baƙon ya ce ba ya cin tuwo, sai ta tare ni, numfashinta na ƙara kamar fito.

"Mama, to shi me yake ci?"

Duk yawanmu a ɗakin Iya, babu wanda ya taɓa tambaya. Na dubi ƙirjinta yana hawa yana sauka. Na ce, "Tsohuwar ma ta tambaye shi, ya rasa amsa, ta buɗe ƙofa ta kore shi."

Na tashi na buɗe taga don ta sha iska. Injin maƙwabci na ta ruri. Baƙon ya shigo, ko sallama bai yi ba.