Kada Ka Yi Labbo

Mijin ƙanwata, Labbo na Zauro, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zama wuri ɗaya har inuwa ta matsa ba. Ya noma shinkafa, ya yi fataucin albasa, ya yi su. Har wanzanci ya taɓa, ya bari ranar da ya aske wa wani malami rabin kai ya tafi raba faɗan raguna. Sanƙarau ya ɗauke shi tun 'yarsa Kulu tana rarrafe, uwarta ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Ni Dikko, kawunta, ni na riƙe ta har na aurar da ita.

Tun tana ƙarama take damuna in faɗa mata kamannin ubanta. To ni me zan ce? Ƙeyarsa na sani, don kullum wucewa yake yi.

Shekarar da aka samu mulkin kai, kowa a Birnin Kebbi ya haukace da ɗaukar hoto. Kulu ta haifi ɗa namiji, tsofaffi suna ta cewa kakansa sak, ita kuwa abin yana ci mata rai don ba ta da abin gwadawa. Ta ja ni muka je wurin Matiyu mai hoto, wani dattijo mutumin Kagoro da ya tsufa a garinmu. Ya zaunar da ita da jaririn, ya cusa kai cikin baƙin ƙyallensa, ya daka mata tsawar da yake daka wa kowa:

"Tsaya cik! Kada ki yi Labbo!"

Kulu ta tambaye shi wane Labbo. Ya nuna mata wani tsohon hoto a bango: masunta a jere da gorunansu da homar kamun kifi, bayansu wata karkatacciyar giginya. Kowa ya fito ras, ban da na tsakiya, wanda daga wuya zuwa sama kamar an shafa kunu. Ya ce wani ɗan Zauro ne mai ƙaiƙayin jiki, tun lokacin yaƙin Jamus, kuma ya rataye shi ne don ya zama gargaɗi ga masu motsi. Ashe duk shekarun nan surukina yana bango yana aiki ba mu sani ba. Ni dariya ta kama ni. Da na dubi Kulu sai na haɗiye ta.

Da Matiyu ya gane ubanta ne, ya ji kunya ƙwarai. Ya ce yana tuna sau biyu ya ɗauka ran nan, na biyun ya bai wa ɗaya daga cikin masuntan. Wane ne, a wane gari, duk ya manta. Kulu ta ɓalle hoton daga bango ta ce gobe da safe za mu bi sawu. Ban ji an tambaye ni ko ina da aikin yi ba.

A Zauro muka fara. Wata tsohuwa ta juya hoton kai ƙasa ta dube shi, ta ce wannan ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne ya shiga sahu, mu kai wa malam. A Ambursa muka haɗu da wani tsoho da ya rantse shi ne na dama. Da ya ƙara dubawa ya ce a'a, shi ne na hagu. Kafin mu gama shan ruwa ya zama har da na durƙushe. Giginyar kuwa, kowane gari sai an kai mu gindin tasu. Na ga giginyu a tafiyar nan har na tsani muruci.

Wani yaron mota, ƙato mai furfura, shi ya cece mu. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce wancan mai guntun kunne ai Tamba ne na Argungu, wanda jaki ya ciza, har yanzu yana bakin gulbi yana gyaran koma. Muka hau bayan motarsu kan buhunan albasa. Jaririn yana kuka, ni ina hawayen albasa, Kulu ta ƙanƙame hoton a ƙirji.

Mun sami Tamba da kunnensa ɗaya da rabi, ga karkatacciyar giginyar a bayansa ta ƙara sunkuyawa. Yana ganin hoton ya yi ta dariya har da tari. Ya ce na biyun yana nan, matarsa tana rufe tulun man shanu da shi. Aka kawo. Kulu ta goge hannu a zane kafin ta karɓa.

Masunta suna nan a jere. Tsakiya kuwa giɓi, Labbo ma ya bar sahun ɗungum.

Raina ya ɓaci, na ce mutumin nan ko a kabari ban yarda yana kwance ba. Kulu ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Kawu, shi ke nan, ba ni ganin shi har abada."

Tamba ya tambaye ni ko ita ce ɗiyar Labbo. Na ce ita ce. Sai ya daina dariya, ya ce ran nan Labbo ya yi rantsuwa zai tsaya, kuma wallahi ya tsaya, har ƙuda ya sauka masa a hanci bai kore ba. Matar Labbo tana gefe tana kallo da goyo. Daidai lokacin da mai hoto ya buɗe idon akwatinsa, goyon ya tsanyara kuka.

"Ke ce kinka ɓata hoton ga na farko," in ji Tamba. "Kukanki ya ji, ya waiwaya. Duba nan."

Ya sa babban yatsa ya share maiƙo a can gefen hoto na biyu. Ga wani mutum ya ba da baya, tsaye ƙyam, ko gezau. Ya saɓa jaririya a kafaɗa, tafin hannunsa ya rufe mata baya gaba ɗaya. Fuskarta ce take kallon mu, baki buɗe har ana ganin dasashi. Ƙeyar nan kuwa ko cikin kasuwa na gan ta na san ta.

Kulu ta daɗe tana kallo, ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce ashe mummuna ce ita tana ƙarama. Ni ma na share ido, kuma babu albasa a kusa. Tamba ya bar mata hoton, matarsa tana mita a kan tulunta.

Da muka koma Birnin Kebbi, Matiyu ya sake zaunar da ita. Bai yi tsawa ba wannan karon. Yana buɗe akwati yaron ya tsanyara kuka, Kulu ta sunkuya kansa. Da aka wanke, fuskarta ta fito kamar an shafa kunu. Matiyu ya ce a sake. Ta ce a bar shi haka, ɗanta za ta ajiye wa.