Ziyarar Makabarta a Cikin Kwalekwale

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin ranar da na kai surukina ziyarar makabarta a cikin kwalekwale za ta fita daga raina.

Shi ba mutumin ƙasarmu ba ne. Garinsu a bakin kogi yake, can kudu, kuma yana sabon magidanci aka tashe su don a gina dam. Aka jibge su a wani tsandauri da ko gero ba ya yi, kowa ya kama gabansa. Shi ya faɗo Gagarawa, masunci guda ya koma jan guga a rijiya. Ni kuwa direba ne, tumatirin rani da nake ɗaukowa daga yankin dam ɗin zuwa kasuwar Gumel shi ya rufa mini asiri. Don haka bakina bai gajiya da yabon aikin, har a gabansa. Yau in na tuna, kunya kamar in nutse.

Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka kai ni kan iyayena. Akwai wata kuka a gefen makabartar, an ce kanta yana leƙowa saman ruwan da ya cinye garin."

Muka yi sammako. A bakin ruwa na samo mai kwalekwale, muka shiga. Babu kuka, babu alamarta, ta daɗe da ruɓewa. Ruwa ne kawai iyakar ganin ido. Tsoho ya nuna gabas muka miƙa, ya ce a'a, a dawo baya. Haka muka yi ta kewaye har rana ta take.

"Baba, a ina zan tsaya?" in ji mai kwalekwalen.

Ya daɗe yana dube-dube. "Ban sani ba," ya ce. "A nan aka yanke cibiyata, amma ban sani ba."

Tausayi ya kama ni, na ce, "Baba, ai addu'a ko daga ina tana isa."

"Na sani, ɗana. So na yi in nuna maka wurin, don a samu wanda ya sani bayan raina."

Muka juyo gida. Bai ga damina ba ya rasu.

Ranar na gane cewa kafin ka yabi babban aiki, ka fara tambayar waɗanda aka tasa dominsa. Ana iya sake gina ɗaki a ko'ina, amma ba a ɗaukar gari a mota. Yanzu 'ya'yana kan tambaye ni garin kakansu, ni kuwa ba ni da inda zan nuna musu.