Kyanwar da ke Ɗakin Tattabaru

Shanun gidanmu ba su taɓa kwana a cikin Kazaure ba. Tun zamanin mahaifina suna hannun wani gidan Fulani a bakin wata fadama, tsakanin Roni da Gwiwa. Wanda ya yi wa mahaifina kiwo ya rasu, ɗansa ya gaje shi, shi ne yanzu yake riƙe da 'yan shanun da suka rage mini. Magidanci ne, har ya aurar da 'ya, amma Baffa yake ce mini, kuma bai taɓa yarda ya hau tabarma ɗaya da ni ba.

Ƙarfina duk a waje na ƙarar da shi, ina yi wa 'yan kasuwa tafinta, daga Chadi zuwa Sudan, daga Kamaru zuwa ƙasashen Larabawa. Da na dawo gida na zauna, sai zuwa rugar nan ya zama abin da na fi jin daɗi. In sha kindirmo, in duba maruƙa, in motsa Fulatancina da ya fara tsatsa.

Wata rana a ƙarshen damina muna tafe ni da makiyayin nan a gefen shinkafarsa, sai na ga sawu a taɓo. Kamar na kyanwar gida, amma ya fi shi girma. Na nuna da sanda.

"Ta fadama ce, Baffa," in ji shi. "Kyanwar dajin nan doguwa mai zanen damisa. Kunnuwanta kamar ludayi biyu. Ba ruwanta da maraƙi, ɓera take bi da gafiya. Ranar nan na ga ta yi tsalle ta cafko zabuwa tana sama. Bana ma ta haihu, can cikin gamba."

Na san dabbar. Na taɓa ganin irinta a gidan wani attajiri a wani birnin Larabawa, an sa mata abin wuya mai ruwan zinariya, tana kai da komo a jikin gilashin taga, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Har muka gama cin abinci ba ta zauna ba. Mai gidan ya ce daga ƙasashenmu aka kawo masa ita tana jinjira, a cikin kwali. Na ba makiyayina wannan labari muna tsaye a bakin ruwa. Daga nan sai baki ya ci gaba, irin na tsoho da ya sami mai saurare. Na ce, "Ka ga duk yawon nan nawa, ban taɓa riƙe ɗanta a hannu ba. Da ma in ga ƙarami kusa da kusa kafin ƙasa ta rufe idona."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "To, Baffa."

A ƙasar Larabawa idan ka yaba abin mutum zai ce maka naka ne, kai kuma ka rantse ba ka karɓa, kowa ya san wasan, a yi dariya a sha shayi. A wurin masu jin Faransanci, ka yi ta burinka, kafaɗa kawai za a ɗaga maka. A nan gida dattijo ba ya buri a gaban na ƙasa da shi. In ya ce "da ma", to ya yi aike. Na san wannan tun ina yaro. Mahaifina ko akuya ba ya yabawa a ruga, don ya san gobe za a jawo masa ita. Zaman waje ne ya sassauta mini baki, har na ji "To, Baffa" na ɗauka amsar hira ce.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga makiyayin a kan babur, ya ɗauro kwando an rufe da tsumma, da wani abu a naɗe cikin buhu. Ya durƙusa a zaure muka gaisa, aka tambayi shanu da iyali. Sannan ya turo kwandon gabana.

Da na ɗaga tsumman sai 'yar kyanwar dajin ta buɗe baki ta yi mini huci. Ba ta fi tafin hannu biyu ba, kunnuwa sun fi ƙarfin kan.

"Ina uwar?" na tambaya.

Ya kwance buhun. Fata ce, an feɗe ta da kyau an shanya, ruwan ƙasa-ƙasa da baƙaƙen ɗigo, ƙafafun dogaye.

"Ta ƙi barin wurin, Baffa. Karnuka ne suka tare ta. Na ce tunda abin ya faru, kada fatar ta lalace, ka shimfiɗa a ɗaki. 'Ya'yan biyu ne, ɗayan bai kai gida ba."

Yana faɗa yana kallon ƙasa, amma na ga farin ciki a fuskarsa. Ya bar shanu, ya shiga gamba, ƙaya ta yage masa hannu, don ya cika wa Baffansa buri. Na duba fatar, na duba shi. Harsuna nawa ne a bakina, amma abin da ya fito shi ne, "Na gode. Allah ya yi albarka." Har goro na ba shi.

Mai ɗakina ta leƙa kwandon ta riƙe haɓa. "Alhaji, mutane suna dawowa daga ƙasashen waje da darduma da agogo, kai damisa ka ga ya dace da tsufanka?"

"Ba damisa ba ce, Hajiya."

"To ka gaya wa kajina haka."

Duk da tsiyar, ita ce ta raya ta. Nonon saniya ya ɓata mata ciki, sai Hajiya ta koma ba ta na akuya da ɗan cokali. Da ta yi ƙwari muka fara ba ta kayan cikin kaji daga wurin masu fige, da ɓerayen da tarko ya kama a rumbu. Muka share tsohon ɗakin tattabaru da ke bayan gida muka sa ta. Niyyata ɗaya ce tun ranar farko: ta girma in mayar da ita fadamarsu. Da wannan nake lallashin kaina duk lokacin da na wuce ta gaban buhun fatar, wanda na tura ƙarƙashin gado ban sake kwancewa ba.

Labari ya zaga unguwa. Wata safiya wani mutum ya yi sallama, mai sayar da fatu da tsuntsaye ne, yana bin kasuwanni har Babura da tsallaken iyaka. Ya tsuguna a gaban wayar ɗakin tattabarun yana murmushi.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ba kayan talaka ba ne. Ina da mai so a birni, gidansa har da dawisu. Za ta ci nama ta ƙoshi. Na kuma ji an ce akwai fata."

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Fatar fa? Masu layu da masu jaka suna nema. In aka yanka ta ƙanana, wa zai ce ba damisa ba ce?"

"Ita ma haka."

Ya miƙe yana karkaɗe riga. "Ba komai, Alhaji. A wace fadama aka samo ta?"

Na ce masa na manta. Ya yi dariya, don duk unguwar an san wanda yake yi mini kiwo, an kuma san inda rugarsa take. Bayan ya fita na aika wa makiyayin cewa ko wa ya zo tambayar kyanwar daji, ya ce babu. Ya aiko da amsa cewa ai gaskiya ce ma, babu ɗin, tun daga ranar bai ƙara ganin sawu ba.

Da damina ta zagayo, kyanwar ta zama doguwa, kafaɗarta ta wuce gwiwata. Na ce lokaci ya yi. Muka sa ta a akurki, na ɗauki shatar a-kori-kura har ruga. Makiyayin bai gane ba.

"Baffa, ba ta yi maka ba ne? Ko wani laifi ta yi?"

"Ta yi mini, ɗana. Gidansu nake so ta koma."

Fuskarsa ta koma irin ta wanda aka dawo masa da kyauta, amma ya ɗauki akurkin a ka har bakin gamba. Na buɗe. Ta daɗe a ciki tana juya kunnuwa, ɗaya gabas ɗaya yamma. Sannan ta fito tana ɗaga ƙafa sama-sama, don ba ta taɓa taka jiƙaƙƙiyar ciyawa ba. Ta shige, ciyawa ta rufe. Ranar na ci tuwo da yawa, har Hajiya ta tanka.

Ba a yi nisa ba sai ga babur a ƙofar gida, da akurkin a baya. Ta rame, kunnenta ɗaya a yage.

"Ba ta zauna a fadama ba, Baffa," in ji shi. "Ruga take dawowa. In mata suna daka sai ta zo ta zauna tana jiran a ba ta. Ta cinye mana 'yan tsaki, karnuka suka yi mata wannan. Maƙwabta sun ce in suka sake ganinta za su harbe, mutumin nan mai fatu kuma ya zo har sau biyu. Na ce kayan Baffa ne, gara in kawo masa abinsa."

Uwar ce ya kamata ta koya mata yadda ake tsayawa cik a saurari motsin ɓera a ƙarƙashin ciyawa, da yadda ake gudun mutum. Mu cokali muka koya mata.

Tana nan a ɗakin tattabaru. Na sa an rushe bango ɗaya an ƙara mata fili, an kewaye da waya, Hajiya ta shuka mata gamba a tsohon baho. Tana cin abinci, kunnen ya warke a karkace. Da la'asar nakan ɗauki kujera in zauna a wurin. Takan tashi daga kusurwar gabas ta bi jikin waya zuwa ta yamma, ta juyo, ta koma. Ƙafafunta sun riga sun fitar da 'yar hanya a ƙasa. Abin wuya kawai ne ba ta da shi.

Makiyayin in ya zo gaisuwa yakan leƙa ta, ya ce, "Kai, Baffa, ta yi kyau a hannunka." Zuwansa na baya-bayan nan ya ce mini gauraki sun yi sheƙa a ƙarshen fadamar, har sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan gwanin sha'awa. Ya ɗan dakata yana jiran abin da zan ce. Na tambaye shi ko jar saniyar nan ta haihu.